Laila Murad: Yadda Aka Gina Tauraruwar Fim a Masar, da Abin da Ya Tsayar da Ita Tana da Shekara 37

A shekarar 1955 Laila Murad, mawaƙiya kuma jarumar fim ta Masar, ta fito a fim ɗinta na ƙarshe, al-Habib al-Majhul. Shekarunta 37 a lokacin, muryarta garau, sunanta kuma yana bakin kowa daga Alƙahira har Bagadaza. Daga nan ta shige gida, ta yi shekara 40 ba ta sake tsayawa gaban kyamarar fim ba, har ta rasu ranar 21 ga Nuwamba 1995. Masu ba da tarihinta sukan dunƙule zancen su ce ai Bayahudiya ce, aka yi mata ƙazafi, sai ta bar sana'a. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bai isa ya bayyana komai ba. A masana'antar fim ta Masar ta wancan zamani, mawaƙiyar da ke fitowa a fim tana tsaye ne a kan abubuwa da dama: horon da ta samu, masu tsara mata kiɗa, furodusan da ke zuba kuɗi, da dillalan da ke kai fim ƙasashen Larabawa. Tsakanin 1952 da 1955 kusan dukkansu suka girgiza a lokaci guda.

An haife ta a Alƙahira ranar 17 ga Fabrairu 1918. Mahaifinta, Zaki Murad, sanannen mawaƙi ne a zamanin faifan garmaho. Kada mai karatu ya ɗauka wani baƙon abu ne a ga Bayahude yana waƙar Larabci a Masar ta lokacin. Kafin 1948 Yahudawan ƙasar sun kai tsakanin 75,000 da 80,000, da yawansu Larabci ne harshensu na gida, kuma suna cikin harkar kiɗa da wasan kwaikwayo dumu-dumu. Ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na ƙasar, Dawud Husni, wanda ya rasu a 1937, Bayahude ne, ya kuma yi wa babbar mawaƙiyar Masar Ummu Kulsum kanta waƙoƙi. Shi da mahaifinta ne suka fara horar da Laila.

A nan ne amfanin tashi a gidan sana'a yake fitowa fili, domin waƙar Larabci ta gargajiya da kunne ake koyon ta. Malami ya rera layi ɗaya yana kaɗa ud, garayar nan ta Larabawa, almajiri ya maimaita, a yi ta yi har ya zauna. Abu na farko da ake koya shi ne maƙamai, wato hanyoyin da murya ke bi: Rast, Bayati, Hijaz, Saba, Nahawand da sauransu. Duk wanda ya saba sauraron ƙira'ar Abdulbasiɗ ko Minshawi ya san su a kunne ko da bai san sunayensu ba, don makarantan Masar da su suke karatu. Wahalar ita ce wasu maƙaman suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin madannan piyano guda biyu, waɗanda kiɗan Turawa bai saba da su ba. Wanda bai sha su tun yana yaro ba, sai ya riƙa ɗan zarce su ko ya gaza kai musu, kuma masu sauraro a Alƙahira ba sa yafe wannan, suna ce masa nashaz. Bayan maƙamai sai a koyi muwashshah da daur, dogayen waƙoƙi masu wuyar numfashi, sannan a koyi ƙafla, yadda ake rufe jimlar waƙa a sauko da ita daidai kan sautin da aka taso. Mawaƙi na iya yin komai daidai, ya zo ƙafla ya ɓata, shi ke nan tafi ya wuce shi. Laila ta samu duk wannan a falon gidansu, ba ta biya ko sisi ba.

Abin da gidan bai iya ba ta ba shi ne kuɗi. Kasuwar salon Zaki Murad ta fara mutuwa a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da jama'a suka koma ga gajerun waƙoƙi irin na Sayyid Darwish da Muhammad Abdulwahab. Ya yi tafiya Amurka neman sa'a, bai dawo da abin kirki ba. Laila ta bar makarantar 'yan mishan da take zuwa, ta fara waƙa a bainar jama'a a 1932, tana da shekara 14, don ta taimaka a ciyar da gida. Da aka buɗe gidan rediyon gwamnati a watan Mayun 1934, tana cikin waɗanda aka ɗauka su riƙa rerawa.

Rediyo ya zo mata a kan gaɓa. Kafin makirufo, mawaƙi sai mai ƙaton sauti wanda zai cika rumfar biki da maƙogwaronsa kaɗai. Muryar Laila siririya ce, mai tsabta, ba ta da irin wannan ƙarfi, kuma da shekara 20 kafin nan aka haife ta da wuya ta wuce mawaƙiyar falo. Makirufo ya juya lissafin. Shi abin da yake so shi ne daidaito: kada ka matso har numfashinka ya shiga, kada ka ja baya har kalma ta ɓace, in za ka ɗaga murya ka ɗan kauda fuska, haruffa kuma su fita ɗaya bayan ɗaya. Manyan mawaƙan dandali irin su Munira al-Mahdiyya ba su ji daɗin wannan sauyi ba. Masu murya irin ta Laila su suka ci ribarsa.

Yadda ake haɗa waƙar fim

Fim mai magana ya shigo Masar a 1932, Ɗal'at Harb na Bankin Misr ya buɗe Studio Misr a 1935, kuma tun daga farko waƙa ce ke sayar da fim. Dalilin kasuwa ne: mutumin Beirut ko Tunis zai iya rasa wasu kalmomin Larabcin Masar a cikin hira, amma waƙa ba ta buƙatar tafinta.

Ga yadda aikin yake tafiya. Marubucin waƙa zai karɓi bayanin fitowar, a gaya masa wa ke magana, da wa, a wane hali. Ya rubuta baitoci cikin Larabcin titi. Mai tsara kiɗa ya ɗora musu karin murya, sannan ya zauna da mawaƙiya da ud ɗinsa ya haddace mata layi-layi. Sai a shiga gwaji da makaɗa. A da ƙaramar ƙungiya ce ta mutum biyar ko shida da ake kira takht, mai ud da kanun (abin kiɗa mai tsirkiya da yawa) da sarewa da goge da ɗan bandiri, amma fim ya kumbura ta ta koma babbar tawaga mai jerin masu goge da kayan kiɗan Turawa. Ranar ɗauka kowa yana ɗaki ɗaya, a ɗauki murya da kiɗa tare, tashi guda. Babu damar yanko nan a liƙa can kamar yadda kwamfuta ke yi yau. Mai goge ɗaya ya kuskure a minti na huɗu, a koma farko, kuma kowane komawa kuɗi ne da gajiyar maƙogwaro.

Bayan an samu ɗaukar da ta yi, sai a tafi wurin ɗaukar hoto a saki waƙar ta lasifika, jarumar ta riƙa bin ta da baki. Nan ma akwai tarko. Mawaƙin gargajiya ya saba ƙawata layi yadda ransa ya ba shi, ba ya rera abu iri ɗaya sau biyu. A gaban kyamara kuwa dole ya maimaita ainihin abin da ya rera, har inda ya ja numfashi, in ba haka ba leɓe ya saɓa da sauti, kuma da an matso da kyamara kusa da fuska asiri ya tonu. Ga kuma tsawo: waƙar dandali tana iya cin rabin awa ko fiye, ta fim kuwa 'yan mintoci ce, faifan garmaho ma kusan minti uku yake ɗauka a kowane gefe. Dole mawaƙiya ta faɗi abin da za ta faɗa ta sauka.

A finafinan Indiya da na Kannywood an raba aikin biyu, wata ta rera a sutudiyo, wata ta hau kai a gaban kyamara. A Masar ta lokacin mai kallo yana biyan kuɗi ne ya ga mai muryar da idonsa. Saboda haka furodusa yana neman mace ɗaya da ta iya waƙa, ta iya wasa, kyamara kuma ta karɓe ta. Irin waɗannan ba su da yawa. Ummu Kulsum ta yi fim shida ta daina a 1947, ta koma dandali inda ƙarfinta yake. Asmahan ta yi biyu kacal, ta rasu a haɗarin mota a 1944. Fili ya zama na Laila.

Abdulwahab, wanda ya san mahaifinta, shi ya zaɓe ta ta fito tare da shi a Yahya al-Hubb a 1938. Darakta Muhammad Karim bai gamsu da ita ba da farko, kuma in ka kalli fim ɗin za ka ga dalili: waƙar ta yi, amma jikinta a ɗaure yake, kamar mai jiran a ce ta tafi. Wanda ya mayar da ita 'yar wasa shi ne Togo Mizrahi, Bayahude ɗan Iskandariyya mai asalin Italiya, darakta kuma mai kamfanin kansa. Ya yi fim biyar da ita daga 1939 zuwa 1944. A ukun farko ya haɗa ta da Yusuf Wahbi, gogan wasan dandali, yadda nauyin wasan zai hau kan Wahbi ita kuma ta koya a gefensa. Sannan ya yi wata dabarar kasuwa: ya sa sunanta na gaskiya ya zama sunan jarumar labarin, ya kuma ɗora shi a kan fim ɗin. Aka yi Laila 'Yar Ƙauye da Laila 'Yar Makaranta a 1941, aka yi Laila kawai a 1942, aka yi Laila Cikin Duhu a 1944. Mai sayen tikiti ba ya buƙatar tambayar wa ke ciki.

Anwar Wajdi ya ɗauki dabarar ya ci gaba da ita. Ɗan wasa ne da ya taso cikin talauci, mai wayon kuɗi, yana son ya zama darakta da furodusa. A 1945 ya yi Laila 'Yar Talakawa da ita, suka yi aure a shekarar, a 1946 aka biyo da Laila 'Yar Masu Kuɗi. Lokacin kuɗin yaƙin duniya na biyu sun cika gari, Masar na fitar da fim kusan 50 a shekara. Tsarin Wajdi a bayyane yake: soyayya tsakanin mai shi da marar shi, rashin fahimta a tsakiya, barkwanci, babban falo mai matattakala, da waƙoƙi biyar ko shida daga manyan masu tsara kiɗa. Muhammad al-Ƙasabji ya yi mata waƙar da ta fi shahara da ita, ta cikin fim ɗin Ƙalbi Dalili na 1947, a kan kiɗan rawar Turawa mai bugu uku. Riyad al-Sunbaɗi da Zakariyya Ahmad da Muhammad Fauzi duk sun yi mata aiki. Abin da ya sa suke son ta shi ne za ka iya ba ta karin Turawa ta rera shi da lafazin Larabci tsaf, ka juyo da ita Bayati a tsakiyar waƙa ba ta yi tuntuɓe ba. Horon Dawud Husni ke nan yake biyan kuɗinsa.

Wanda ke son ganin wannan tsari a ƙololuwarsa ya nemi Ghazal al-Banat na 1949. Najib al-Rihani, babban ɗan barkwancin Masar, ya fito a matsayin Hamam, wani malamin Larabci matalauci da aka kora daga makaranta, aka ɗauke shi ya koyar da 'yar wani Basha, wato babban mai muƙamin girma a zamanin sarauta. Darasin farko waƙa ne: Laila da ƙawayenta suna rera haruffan abjad suna tsokanar malamin. A minti kaɗan waƙar ta nuna maka halin yarinyar, gatan da take ciki, da yadda dattijon ya fara rikicewa, ba tare da an tsaya bayani ba. Can gaba akwai waƙar da suke yi su biyu, ita da muryarta mai santsi, shi da tasa mai kaushi wadda ba ta mawaƙi ba, kuma Abdulwahab da ya tsara kiɗan bai yi ƙoƙarin gyara ta Rihani ba, ya bar bambancin ya yi aikinsa. A ƙarshe malamin ya gane cewa ba shi take so ba, ya haƙura ya bar ta ga matashin matuƙin jirgin sama, wato Wajdi. Rihani ya rasu a watan Yunin shekarar, bai ga fitowar fim ɗin ba.

Sai dai tsarin yana da rauni tun daga tushe. Mutum ɗaya ne mijinta, furodusanta, daraktanta, kuma abokin fitowarta. Rigimar gida ta zama rigimar kwantiragi, rigimar kuɗin aiki ta biyo su ɗaki. Ta yi finafinai da wasu, kamar Shaɗi'ul Gharam na Henri Barakat a 1950, wanda aka ɗauka a gaɓar tekun Marsa Maɗruh, da Sayyidatul Ƙiɗar na Yusuf Shahin a 1952, amma manyan nasarorinta na hannun Wajdi. Sun rabu sun koma fiye da sau ɗaya kafin rabuwar ƙarshe a 1953.

Ƙazafin 1952

Laila ta musulunta bayan aurenta da Wajdi, labarin ya fito fili a 1947, shekara guda kafin yaƙin Falasɗinu. Ba ta taɓa barin Masar ta koma wata ƙasa ba. Duk da haka, a kakar 1952, 'yan watanni bayan sojoji sun kifar da Sarki Faruƙ a watan Yuli, jaridu suka ɗauki labarin cewa ta je Isra'ila a ɓoye ta ba da gudummawar fam 50,000. Siriya ta hana sa waƙoƙinta a rediyo, ta hana nuna finafinanta. Laila ta ƙaryata, ta fito da takardun banki da na tafiye-tafiyenta, hukumomin sojan Masar suka bincika suka wanke ta sarai.

Me ya sa ƙaryar da aka riga aka tona ta yi ɓarna haka? Amsar tana cikin yadda ake tara kuɗin fim. Furodusa ba ya fara aiki da kuɗinsa kaɗai. Dillalai ne ke ba shi kafin alƙalami a kan haƙƙin nuna fim a ƙasashen waje, kuma yawan abin da za su bayar ya dogara da sunan da ke kan fosta. Kasuwar Sham tana cikin mafi muhimmanci, ofishin ƙaurace wa Isra'ila na Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa kuma a Dimashƙu aka kafa shi a 1951. Dillali ba alƙali ba ne, ba ruwansa da wa ke da gaskiya. Abin da yake tambaya shi ne ko fim zai shiga Dimashƙu da Halab. In akwai shakka, sai ya rage tayi. Jarumar da ke cikin mafi tsada a ƙasar, in tayin da ake yi a kan sunanta ya ragu, ta zama kaya mai nauyi ga furodusa, ko da gwamnati ta rubuta mata takardar wankewa goma.

Ta yi abin da za ta iya. Ta rera wa juyin mulkin sojojin waƙa. A fim ɗin Bint al-Akabir na 1953, na ƙarshe da ta yi da Wajdi, ta rera waƙar rakiyar alhazai masu tafiya ziyarar Annabi (SAW), wadda Sunbaɗi ya tsara, har yau kuma kafafen yaɗa labaran Masar na sa ta lokacin aikin Hajji. Amma iskar siyasa ta ci gaba da kaɗawa. A 1954 aka kama wasu Yahudawan Masar da leƙen asirin Isra'ila ya sa su dasa bama-bamai a Alƙahira da Iskandariyya, abin da ya jefa sauran cikin zargi. Bayan yaƙin Suwes na 1956 dubbai suka fice, wasu korar su aka yi. Mizrahi tuni ya koma birnin Rum na Italiya, inda ya rasu a 1986.

In aka tsaya a siyasa kaɗai, an bar rabin lissafi. Wajdi ya rasu a watan Mayun 1955 bayan fama da ciwon ƙoda, don haka ko da za a sake shiryawa, kamfanin da ya san yadda ake ɗinka mata fim babu shi. Ɗanɗanon masu kallo ma ya sauya. Sabuwar gwamnati ta soke muƙamin Basha, labarin 'yar Basha a falo mai matattakala ya zama na zamanin da ake zagi. Fatin Hamama ta nuna cewa mace na iya ɗaukar fim ba tare da ta rera ko layi ɗaya ba. Mawaƙiya Shadiya, wadda ta fara fim a 1947, ta fi Laila ƙuruciya kuma ta fi sauƙin kuɗi. A 1955 ɗin dai mawaƙi Abdulhalim Hafiz ya shiga fim, kasuwar waƙa ta karkata ga saurayi ɗan jami'a da matsalolinsa. Ita kuma matsayin da aka san ta da shi na budurwa ne mai suna Laila. Dabarar Mizrahi da ta ɗaukaka ta ita ce ta ƙuntata mata, domin jama'a ba su saba ganin ta a wani matsayi ba, kuma a masana'antar babu gurbin mawaƙiya mai fitowa a uwa ko matar aure mai shekara 40. Fim ɗinta na ƙarshe bai yi kasuwa ba.

A ganina, ƙazafin ya rage mata daraja a idon dillalai a daidai lokacin da take buƙatar sabon furodusa da zai yi kasadar canza mata salo, kuma ba a samu wanda ya yi ba. Za ta iya komawa dandali kamar Ummu Kulsum, amma an san ta da tsoron tsayawa gaban taro, muryarta kuma ta makirufo da gajeriyar waƙa ce. Ta ci gaba da ɗaukar 'yan waƙoƙi a rediyo na wani lokaci, sannan ta yi shiru. Finafinanta kusan 27 ne a cikin shekara 17.

Sana'ar ba ta bar gidan ba. Ƙaninta Munir Murad, wanda aka haifa a 1922 kuma shi ma ya musulunta, ya gwada fitowa a fim, daga baya ya tsaya kan tsara kiɗa, ya zama gwanin waƙoƙi masu sauri da raha. Abin lura shi ne manyan waɗanda ya yi wa aiki su ne Shadiya da Abdulhalim, wato mutanen da suka gaje kasuwar yayarsa. Ya rasu a 1981. Laila ta haifi ɗa da Wajih Abaza, hafsan soja na kusa da masu juyin mulki, sannan ta auri darakta Faɗin Abdulwahab, wanda ba shi da dangantaka da mawaƙin nan mai irin sunansa. Ɗansu Zaki ya zama darakta kuma ɗan wasa, ya yi aiki da Yusuf Shahin, ya rasu a 2022. A azumin 2009 aka nuna wani dogon shirin talabijin kan rayuwarta, 'yar wasan da ta fito a matsayinta kuwa, Safa Sulɗan, a masana'antar Siriya ta yi suna, ƙasar da ta fara haramta waƙoƙinta.